Ranar da Awaki Suka Yi Arha a Gure

"Inna, zan bar karatun nan," in ji ɗiyata a waya daga Damagaram.

Wai binciken tsofaffin farashin dabbobi aka ba ta. Ta tarar da wata ranar kasuwar Gure da awaki suka faɗi warwas, ba fari, ba annoba. Malaminta ya ce sai ta kawo dalili, ita kuwa ta rasa.

Na tambayi shekarar, ta faɗa mini. Na ajiye ludayi.

"Shekarar da aka yi miki aiki ce, kina goye. Matan unguwarmu kaf suka kora awakinsu kasuwa rana ɗaya don mu biya likita. Ke ce dalilin, je ki rubuta. Kuma da yardar Allah, ba ki shigo mini gida sai da diflom."