Ziyara a Gidan Barci

Tun da aka soke hukuncin kisa, duk wanda ya kashe rai sai a kwantar da shi a Gidan Barci, ba ya farkawa sai iyalan mamacin sun yafe. Shekara goma sha ɗaya ke nan Inna Tabawa tana zuwa dangwala yatsa, don kada a tashi Mati, wanda ya daɓa wa ɗanta Sallau wuƙa.

Da ta shiga yau, sai ta tarar da uwar Mati, Lantana, a bakin gadonsa, tana yanke masa farce, tana ba shi labarin haihuwar ƙanwarsa. Tabawa ta tsaya tana kallonsu. Ita ko kabarin Sallau, damina ta shafe shi tuni.

"Yaya, ina kwana?" in ji Lantana. "Bana ma ba za ki yafe ba?"

Idon Tabawa na kan ƙafar Mati da ke bisa cinyar matar.

"Da ɗumi?" ta tambaya.

"Da ɗumi, Yaya."

Tabawa ta juya ta dangwala yatsa da ƙarfi.

"To, me kuma kike nema a wurina?"