Ɓangaren da Ban Kwafa Ba

Sati uku na yi ina gyara manhajar tsara shafuka ta maɗaba'ar Kawu, don ta yi aiki a sabon tsarin kwamfuta. Ta tashi, amma layin ƙarshe yana hawa kan lambar shafi.

"Haka aka koya maka a waje?" in ji Kawu. "Jibi za a karɓi littafin nan. Ka gyara ko ka tattara."

Na gwada tsohuwar kwamfutar. Ita ma haka ta buga.

Na kira Baba Mai Almakashi, tsohon ma'aikacin maɗaba'ar wanda na sa aka sallama ranar da na zo.

Ya yi dariya. "Ɗana, aikinka ya yi kyau. Shekara ashirin haka take bugawa, ni nake yankewa in liƙa. Ka kwafi komai, ni kaɗai ka manta."