Foniya Mai Ƙaramin Rami

Na rantse da Allah ko na gaya maka ba za ka yarda ba: Usta Salahuddin, babban bakanike, ya kashe babura goma sha ɗaya na 'yan bindiga, bai taɓa riƙe ko wuƙa ba.

A aji biyar ya bar makaranta, ranar da ya sa wa malami kunama a aljihun jallabiya. A Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai ta Omdurman, ya koyi gyara. Da yaƙi ya ɓarke, 'yan bindiga suka tsare shi a garejinsa na bayan kasuwar Suk al-Shabi, biyu a bakin ƙofa kullum, yana yi musu gyara dole. Wata biyu bai ga gidansa na unguwar Umbadda ba. Matarsa Wafa'a tana can da tsohon ciki, waya kuma ta mutu.

Dabararsa ɗaya ce. A cikin kafireta akwai foniya, ɗan dunƙulen tagulla mai rami kamar na allura, ta nan fetur ke bi. Tsofaffin baburan daji kuwa a cikin fetur ake zuba musu man inji. Ka sa foniya mai ƙaramin rami, babur zai yi ƙara mai daɗi, ya zabura kamar sabo. Bayan awa guda a rana, inji ya bushe, ya yi zafi, fistin ya liƙe. Sai a ce laifin rairayi ne.

Wata safiya wani dogo ya turo jan babur, ya naɗe fuska da rawani irin na 'yan bindigar. A kujerar baya an ɗaure matashin zama da tsumman koren tob, mayafin mata.

"Kai ne Salahuddin? Kai aka ce in kawo wa."

Dogon ya kalli na bakin ƙofa, ya buɗe baki, sai ya fasa.

"Nauyin mutum biyu, ya usta. Hanyar daji, awa uku ba tsayawa."

Salahuddin ya ce, "Ya zol, ɗan'uwa, ka zo wurin mai shi. Har Masar zai kai ka."

Mutum biyu, in ji shi. Salahuddin ya ce a ransa, wanda za a sace ne, ko kayan gidan wani. Ya kwance kafireta, ya hura, ya wanke da fetur. Fulogin ya fito ruwan shayi da madara, alamar foniyar da ke ciki daidai take. Ya cire ta ya jefa a aljihu, ya ɗaura mafi ƙanƙanta a gwangwaninsa. Ya buga. Babur ya yi kuka har na bakin ƙofa suka tafa.

Dogon ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Allah ya saka maka."

Goma sha biyu ke nan. Ranar har waƙa ya yi.

Kwana uku bayan haka, da azahar, dogon ya dawo a ƙafa. Ba rawani, leɓɓa sun tsage. Ya ajiye matashin a kan benci, ya ɗora 'yar foniya a kai.

"Na kwance kafiretar a daji. Ga abin da na gani."

Salahuddin ya jingina da bango yana jiran harsashi. Mutumin ko bindiga ba shi da ita.

"Sunana Almahdi. Marasa lafiya nake fitarwa. Rawanin don shingaye ne." Muryarsa ƙasa ƙasa. "Inji ya liƙe inda babu ko itace ɗaya. Naƙuda ta kama matar da na ɗauko a tsakar rana. Da hannuna na tona musu kabari, ita da jaririn."

Sai a lokacin Salahuddin ya dubi koren tsumman da kyau. Tob ɗin Wafa'a ne.

"Ita ta hana ni gaya maka a gaban waɗancan, kada ka ruga su harbe ka. Kuma ita ta hana ni kai babur ɗin wurin kowa. Ta ce, kai wa mijina, duk Omdurman babu mai hannunsa."