Kafin Ruwan Tulu Ya Ƙare

Rabin ruwan ya tsiyaye, wanda ake tuhuma kuwa bai faɗi abin da zai cece shi ba. Ni ƙuri'a ta ba tsaron tulun da ake auna lokacin magana da shi a kotun Atina a ranar, kuma da ruwan ya ƙare, magana ta ƙare.

Ɗan wasan dandali ne, ana tuhumarsa da yar da garkuwa a fagen yaƙi. In ta tabbata, ya rasa 'yancinsa na ɗan gari. Ya ware murya irin ta sarakunan da yake kwaikwaya, yana kiran alloli da kaburburan kakanni.

"Kai, mai kukan haya!" wani tsoho cikin masu hukunci ya daka masa tsawa. "Wannan ai mun ji shi bara a dandali, har tafi muka yi maka!"

Aka kwashe da dariya. Ni dai na kasa tsayuwa wuri ɗaya, tsohon tabon cinyata sai zugi yake.

Ɗan wasan ya sauke hannuwansa. Muryar da ta fito yanzu ƙarama ce, mai in'ina.

"Ba-bayana ɗaya ne, 'yan'uwa. Ko in goyi garkuwa, ko mutum. Jini ya rufe fuskarsa, ban san ko wane ne ba. Ina ta ce masa, ka-kada ka yi barci."

Shekara da shekaru ina neman mai wannan in'inar da ya goyo ni daga fagen yaƙi, ashe muryar sarakuna ce ta ɓoye mini shi.

Na toshe hudar tulun da babban yatsana.

"Kai, gurgu, saki ruwan nan!" in ji mai ƙara. "Ba a tsayar da shi sai shaida ya fito!"

"Ya fito," na ce, na yaye mayafina daga kan tabon.