Wasan da Liman Ya Nema

Da limamin unguwa ya roƙi a sake nuna wasan kwaikwayon, tsohon malamin makarantar da ya rubuta shi ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Shekara da shekaru a Gumel, in tuwo ya yi gudaji ko ɗinki ya karkace, sai a ce, "Ya zama wasan Malam." Yau ga mai ilimi ya zo wanke shi.

"Allah gafarta Malam, ashe ka hango hikimarsa?"

"Albarkarsa dai na gani," in ji liman. "Ka sa shi dab da la'asar, kamar wancan karon. Tun da nake limanci, ranar kaɗai na ga jama'a sun rugo masallaci kafin kiran salla."