Awarwaron Lantana

Tun da gwamnati ta ɗaura wa kowane yaro awarwaro mai ƙara da zarar hannunsa ya taɓa aiki, aka ce wahalar yara ta ƙare.

Dije ta je gidan wankin Hajiya Turai duba ƙanwarta Lantana, 'yar shekara tara. Sai ta tarar da yara tsaye cikin manyan bahuna, hannuwa goye a baya, suna tattaka kayan wanki da ƙafa.

Ta ja yarinyar har ofishin kula da yara. Jami'in ya jujjuya hannun Lantana.

"Ai awarwaron bai taɓa ƙara ba. Ji hannu kamar auduga!"

"Ranka ya daɗe, ƙafar za ka duba. Sabulu ya cinye ta."

"Baiwar Allah, hannu doka ta ce. Sai ya yi ƙara muke zuwa."

Haka Lantana ta koma baho tana ɗingishi.

Washegari Dije ta girke turmi a ƙofar gidan wankin, ta danƙa wa ƙanwarta taɓarya.

"Yaya, ke fa za su kama!"

"Su dai zo, ko sa leƙa ciki. Daka!"