Ɗigon Maɗaciya

Tun da aka kafa dokar maɗaciya, babu mahaucin da ya isa ya yar da ita. Motar asibiti ke zuwa mayanka ta kwashe, a sarrafa ruwanta ya zama ɗigon da ake ba yara masu tamowa, don hanjinsu ya riƙe abinci.

Hansai matar mahauci ce, ta san ɗacin nan sarai. A da, in ta ɗiga wa ɗanta Ɗanliti a harshe, sai ya yamutsa fuska ya tsala ihu. Yau kuwa lashe baki ya yi, har da miƙo hannu a ƙara masa, alhali kwana tara ke nan zawonsa ya dawo, fari-fari.

Ta ɗanɗana, ta ji salam kamar ruwan randa. Ta goya shi sai asibiti.

"Malama, maganin nan fa babu ɗaci."

Malamar ko ɗago kai ba ta yi ba. "Inganta shi aka yi. Ki ci gaba da ba shi."

A hanyar gida Hansai ta biya mayanka, ta tarar da mijinta yana haƙa rami bayan katanga.

"Maigida, me za ka binne?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Maɗaciya. Wata uku ke nan motar ba ta zo ba, an ce mu yi shiru."

Hansai ta dubi kwalbar ɗigon da ke hannunta. Cike take fal, an buga mata kwanan watan shekaranjiya.